Daren da akwatinmu bai buɗe ba

Ƴan uwa mata, masu zubi da masu riƙon makulli, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da duk ƙauyen da wannan takarda ta isa. Labarin wani yaro na garinmu muka kawo muku. Mun daɗe muna juya shi a zuci, sai da uwarsa da kakarsa suka ce mu rubuta. Sunayensu mun bar su a gida.

Mu talatin da biyu ne a ƙungiyarmu. Kowace Laraba bayan la'asar muke haɗuwa gindin dogon yaro, kowa ta zuba dala hamsin, da dala biyar ta asusun taimako. Akwatinmu na ƙarfe ne mai makulli uku a hannun mata uku, kamar yadda muka koya daga tsarin Mata Masu Dubara da ya fara a jihar Maraɗi a 1991. Dokarmu ita ce ba a buɗe akwati sai ranar taro, a gaban idon kowa. Muna alfahari da wannan doka, don ita ta sa ba a taɓa jin ɓatan ko dala ɗaya a wurinmu ba.

Shekara huɗu ke nan, cikin watan Agusta, damina ta yi tsakiya, wata ƙaramar ƴar ƙungiyarmu ta dawo gidan iyayenta goyon ciki. Haihuwar fari ce, mijinta kuma ya tafi bida Aljeriya. Faya ta fashe mata da asubar Laraba, ba ta sauka ba sai daren Alhamis. Kunya ta hana ta faɗa da wuri, kun san halin cikin fari. A gida ta haihu, namiji, ya yi kuka, ya kama nono, aka yi barka.

Kwana uku lafiya lau. Ranar Lahadi sai yaro ya fara kama nono yana saki. Barci yake ta yi, ko an taɓa shi da ƙyar yake buɗe ido. Mu da muka je barka har yabonsa muka yi, muna cewa an samu mai haƙuri, wannan ba zai wahalar da uwa ba. Uwar ta ga abin da ba mu gani ba, nononta ya cika har yana zuba, amma ɗan fari ne, ba ta iya buɗe baki a gaban manya ta yi maganarsa.

Ranar Litinin jikinsa ya ɗan yi ɗumi da safe, da yamma kuma tafin ƙafarsa ya yi sanyi. In ya farka sai ya yi wani siririn kuka mai kaifi, ko an rungume shi bai lafawa. Kowa ta kawo nata. Wata ta ce beli ne, a jira wanzami ranar suna. Wata ta ce nonon ne bai da kyau. Aka karɓo rubutu aka ɗiga masa. Wata tsohuwa daga cikinmu ta ce, anya ba sanƙarau ba ne? Sai muka yi mata ca: sanƙarau da damina? Aka ɗaga kan yaron, wuyansa laushi kamar auduga. Muka ce ai kin gani.

Mun ɗauka mun san sanƙarau. Mun san shi da zafin bazara da ƙura, ya sandare wuya, ya kama gari guda, ya tafi in ruwan farko ya sauka. Mun tsaya layin riga-kafi a 2010. Mun tuna 2015 da ya kama mutane fiye da 8,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantu a Yamai. Wannan sanin ne ya rufe mana ido.

Daren Litinin, bayan isha'i, kakar yaron ta yi sallama ƙofarmu. Ta ce, “Shugaba, jaririn nan bai yi mini ba. A ranta mini jika goma daga asusun taimako in nemi abin hawa.”

Muka ce, “Yaya, kin san doka. Ga shi ma mai makulli ɗaya ta tafi biki wani gari, sai gobe da yamma za ta dawo. Ki yi haƙuri jibi Laraba ce, a gaban kowa za a ba ki.”

Ta yi shiru, ta ce, “To, Allah ya kai mu.” Ta juya. Har yau in muka tuna tafiyar nan tata cikin duhu, abinci bai yi mana daɗi.

Talata da la'asar aka aiko yarinya da gudu. Mun tarar maɗigarsa ta taso ta yi tauri, leɓensa da hannu ɗaya suna rawa, idonsa ya kafe wuri guda. A nan babu wadda ta sake maganar akwati. Kowa ta kwance bakin zane, mai dala ɗari, mai jika guda, cikin ɗan lokaci kuɗi suka haɗu. Kuɗin nan suna bakin zannuwanmu tun daren jiya. Kakansa na wajen uwa ya ba da izini, ɗan kabu-kabu ya ɗauki kaka da jariri, wani ya ɗauki mai jego. Korama ta kawo ruwa, sai da suka zagaya. Majon CSI yana ganinsa ya yi masa allura ta farko, ya rubuta takarda, motar asibiti ta wuce da su babban asibitin jiha cikin dare.

A can likita ya ce sai an ɗebo ruwa daga gadon bayansa da allura. Kaka ta ƙi da farko, ta ce ta ji ana cewa wannan allurar ce ke nakasa yara. Likitan ya zauna ya yi mata bayani: ruwan nan shi ne yake zagaye ƙwaƙwalwa da laka, ta cikinsa ake ganin ciwon, kuma ciwon ne yake nakasa yaro in an bar shi. Ta yarda. Ruwan da ya kamata ya fito garau kamar ruwan sama, sai ya fito kamar ruwan wankin shinkafa. Sanƙarau ne.

Aka yi suna yaro yana gadon asibiti da allura a jijiyar hannu. Bayan mako guda ya koma kama nono, dangi suka fara cewa a dawo gida, ga aikin gona. Likita ya ce a'a, wannan ciwo a jariri sai an cika mako uku ana allura, in an tsaya a tsakiya ƙwayar tana dawowa. A nan dai ƙungiya ta yi abin kirki. Muka raba kanmu, wasu suka shiga gonar kaka, wasu suka riƙa aika fura da gari, har kwana ashirin da ɗaya suka cika.

Bayan sun dawo muka gayyaci ungozomar CSI ta zo taronmu. Abin da ta faɗa mun rubuta shi a bayan littafin zubi, ga shi kamar yadda muka fahimta.

Sanƙarau kumburi ne na siririyar fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Na bazara da muka sani, ƙwayar cutarsa daga maƙogwaron wani take zuwa na wani. Na jariri, daga haihuwa zuwa kwana 28, hanyarsa daban ce, shi ya sa bai da ruwa da bazara ko damina. Mafi yawa ƙwayoyin suna zaune a hanji ko a hanyar haihuwar uwa, ba su yi mata komai, ita ma ba ta san da su ba. Masu aikin lafiya suna kiran ɗaya Sitireptokok B, wata E. koli, wata Kilebsiyela. Jariri yana kwasarsu lokacin fitowa, ko bayan haihuwa ta cibiya, ta hannu marar wanki, ta reza ko askar da ba ta da tsabta. Su shiga jini, daga jini su hau kai. Jikin jariri bai riga ya koyi faɗa da cuta ba. Haɗarin ya fi yawa ga bakwaini da ɗan ƙaramin jariri, da wanda faya ta fashe fiye da awa 18 kafin a haife shi, da wanda uwarsa ta yi masassara lokacin naƙuda. Da muka ji maganar faya, kowa ta sunkuyar da kai.

Ta ce akwai kuma wasu ƙwayoyi da ba a cika gani ba, amma in sun kama jariri ɓarnarsu a ƙwaƙwalwa ta fi tsanani. Ɗaya ana ce mata Sitirobakta, ita an san ta da tara mugunya a cikin ƙwaƙwalwa kamar maruru. Ɗaya kuma Kuronobakta, wadda take iya rayuwa a busasshen garin madarar jarirai ta gwangwani. Gwangwani a rufe ba ya nufin babu ƙwaya a ciki. A 2022 har a Amurka sai da aka janye madara mai yawa daga kantuna bayan wasu jarirai sun kamu da ita. Don haka nonon uwa zalla har wata shida, da dakashin farko da wasunmu suke matsewa su zubar, shi ne garkuwa. In kuma dole ta sa, kamar maraya, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a tafasa ruwa, a dama madarar tun yana da zafi sosai, kada ya wuce rabin awa da saukewa, sannan a huce a ba shi da kofi mai tsabta. Abin da ya rage ya kai awa biyu, a zubar.

Muka tambaye ta, to riga-kafin da ake yi fa? Ta ce alluran da ke kare yaro daga wasu nau'o'in sanƙarau sai ya kai mako 6 ake farawa, a sake a mako 10 da mako 14, ta sanƙarau ɗin bazara kuma sai wata tara. Kuma waɗannan ƙwayoyi na kwanakin farko ba su cikin waɗanda alluran suke karewa. Saboda haka a cikin arba'in ɗin nan da muke cewa mai jego ba ta fita, idon uwa da na kaka su ne riga-kafin jariri.

Sai ta lissafa mana alamomi, ta ce ko ɗaya aka gani ta isa:

Jariri ya ƙi nono, ko ya kama ya saki, bayan da yana sha.
Barci mai nauyi, bai motsi sai an taɓa shi, ko jikinsa ya saki.
Jiki ya yi zafi, ko ya yi sanyi. Sanyin ma alama ce, kada a jira zafi.
Numfashi da sauri, sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirji yana lotsawa, ko yana nishi.
Kuka mai kaifi da ba ya lafawa.
Maɗiga ta taso alhali yaro yana kwance shiru.
Jijjiga, ko da ƴar ƙarama ce: leɓe na tsotsa babu nono, ido ya kafe, hannu ɗaya na rawa.
Cibiya ta yi ja har fatar ciki, ko tana mugunya.

Ta ce sandarewar wuya da muka je nema, jarirai da yawa ba su yin ta sam. Kumburin maɗiga da jijjiga kuma sau da yawa sai ciwo ya yi nisa suke fitowa. Ƙin nono shi ne mai zuwa da wuri. Yaronmu ya ƙi nono tun Lahadi, bai ga allura ba sai daren Talata.

Mun ɗauka da aka sallamo shi an gama. Ashe da sauran tafiya. Yana wata uku uwar ta lura hula ba ta shiga kansa. A wurin awo aka zagaya kan da tef, aka ce girman ya wuce kima. Jijiyoyin kai sun fito raɗau, ƙwayar idonsa tana kallon ƙasa kamar rana za ta faɗi. Bayanin da aka yi mana shi ne, ruwan nan na ƙwaƙwalwa kullum ana yin sabo, tsoho yana wucewa ta ƴan ƙananan hanyoyi. Kumburin ya bar tabo ya toshe hanyar, kamar yadda yashi yake toshe magudana, sai ruwa ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Aka tura su Yamai, aka yi masa aiki, aka sa wani siririn tiyo ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki don ruwan ya riƙa sauka. Uban ya dawo daga bida, ya sayar da bijiminsa. Asusun taimakonmu kaf ya tafi can, babu wadda ta ce uffan.

Daga baya muka gane bai ji sosai. Ana faɗuwar kwano a bayansa bai waiwaya. Rashin ji yana cikin abin da sanƙarau ya fi bari, shi ya sa ake so duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo a duba kunnensa tun da wuri. Wasu yaran yana barinsu da farfaɗiya, wasu da sandarewar hannu da ƙafa, wasu da raunin gani, wasu da jinkirin zama da tafiya da magana. Wasu kuma, musamman waɗanda aka kai da wuri, sukan tashi sumul babu komai. Namu ya samu rashin ji da farfaɗiya. Yana shan magani kullum, safe da dare, in dai ba a tsallake ba jijjigar ba ta cika zuwa.

Sai kuma bakin mutane. An ce ɗan ruwa ne. An ce uwar ta fita da almuru tana da ciki. Wata har ta janye ɗanta don kada yawun yaron ya taɓa shi. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma mu mun ga ruwan bayansa, mun san abin da ya same shi. Muka yanke shawara uwar ta riƙa zuwa taro da shi. Yana zama kan tabarma kusa da akwati, kowa ta ɗauke shi. Bai taka ba sai da ya shekara uku. Ranar da ya tashi daga wajen ma'aji ya tako zuwa wajen uwarsa, taku biyar, guɗa ta hana mu ƙirga zubi. Yanzu yana da alamominsa na hannu, ta ruwa daban, ta fura daban, ta akuya daban, yaran unguwa duk sun iya.

Ba mu san ko da ya tafi daren Litinin da ya tsira daga duk wannan ba, Allah ne masani. Amma likitan ya gaya wa kakarsa cewa a wannan ciwo kowace awa tana da nauyi. Mu kuma kwana guda cur muka ƙara masa saboda makulli. Ranar wata Laraba muka roƙi gafararta a gaban kowa. Ta ce, “Shugaba, ni ma na bi doka ne, da na tsaya na yi muku kuka da kun tashi.” Muka yi kuka tare, sannan muka gyara doka.

Ga abin da muka zartar, ko wata ƙungiya za ta ga na ɗauka.

Na ɗaya, mun fitar da jika goma sha biyar daga asusun taimako, suna wajen akwati, a hannun mace ɗaya amintacciya da ba ta cika tafiya ba. Mun sa musu suna kuɗin dare. Mai naƙuda ko jariri marar lafiya, a ba da su nan take da shaida ɗaya, a yi lissafi ranar Laraba. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma abin hawa da abincin masu jinya ba su ciki, kuma su ne suke tsayar da mu a gida.

Na biyu, mun yi magana da ƴan kabu-kabu biyu da mai amalanke ɗaya, lambobinsu suna salular kowace mai makulli. Su kai, mu biya daga baya.

Na uku, duk wadda mijinta zai tafi bida tana da ciki, muna tura dattijuwa ta roƙe shi ya bar izini a gaban shaidu, cewa in ciwo ya taso a tafi likita ba sai an same shi a waya ba. Liman ya goyi bayanmu, ya kuma faɗa a masallaci cewa suna yana yiwuwa ko jariri yana asibiti, addu'a ma tana isa can.

Na huɗu, kowace mai jego a cikinmu tana da mata biyu masu leƙa ta kullum har ranar suna, daga nan kuma duk bayan kwana biyu har arba'in. In sun shiga su wanke hannu da sabulu, su keɓe da ita, musamman mai ɗan fari, su yi mata tambaya ɗaya: yana shan nono kamar jiya? Su duba cibiya, kada a sa mata toka ko kashin shanu ko wani abu in ba wanda aka bayar a likita ba.

Na biyar, faya ta fashe, a kama hanyar CSI, ko naƙuda ta zo ko ba ta zo ba. Wadda ta haihu a gida kuma a kai ta a duba ta da jaririn cikin kwanan farko.

Daga lokacin zuwa yanzu kuɗin dare sun fita sau shida. Sau biyu an je aka ce ba wani abin tsoro ba ne, aka dawo, wasu suka ce an yi asarar kuɗin mai. Muka ce Allah ya ƙaro mana irin wannan asara. Sau ɗaya kuma wata jaririya ce ƴar kwana tara, ta ƙi nono da hantsi, kafin azahar tana CSI, aka wuce da ita asibiti. Yanzu tana nan tana ja mana zane a wurin taro.

Ƴan uwa, a taronku mai zuwa, kafin a rufe akwati, ku tambayi juna: in an yi mana sallama yau da tsakar dare, jariri ya ƙi nono, a hannun wa kuɗin suke, wa zai ɗauka, wa zai ba da izini? In an rasa amsa, kada a tashi sai an samo ta. In kuma akwai yaro a garinku da wannan ciwo ya bari da babban kai ko rashin ji ko farfaɗiya, ku je ku ce wa uwarsa ta fito da shi, ku shimfiɗa masa tabarma a tsakiyarku.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da muka haifa, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mun ji daga gare ku.